Gwaggo Baraka a Bakin Igiyar Dutsen Agwada

Jama'a, kafin ku ci gaba da yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan, ku bari in faɗi tawa. Na ga masu cewa, "Zulaihat, me kika gani a jikin mai tsaron motoci?" Wata baiwar Allah har da jero mini fuskoki masu kuka. Na gode da kulawa. Ita ma Mama tambayar da take yi mini ke nan safe da yamma, sai dai ita da harara take haɗawa.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Zulaihat, a gida Zulai. 'Yar Ƙofar 'Yandaka ce ni a cikin birnin Katsina, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Wanda ake ta cece-kuce a kansa kuma sunansa Mudassir. Ilimin gandun daji ya karanta a jami'a, amma maimakon ya nemi ofis mai sanyi kamar 'ya'yan mutane, sai ya tattara ya koma gindin Dutsen Agwada, can bayan gari. Dutse ne babba mai kwazazzabai da 'yar ƙorama, ga birai, ga zabin daji, ga itatuwa irin na da, kanya da ɗinya da tsamiya da marke, waɗanda masu gawayi suka kusa ganin bayansu. Shi ya zauna da mutanen ƙauyen, da yardar mai gari, aka daina sara. Aka share fili a gindin dutsen, aka kafa turaku biyu, aka ɗaura igiya a tsakani. Duk motar da ta kawo masu shan iska sai ta biya ɗari biyar kafin a sauke mata igiyar ta shiga ta yi fakin. Da kuɗin ake biyan masu gadin dajin, waɗanda a da su ne masu saran, da shi kuma ake renon ƙananan itatuwa a leda har a dasa su. Wanda ba zai biya ba, ga jarkoki nan a bakin rijiya, ya cika ɗaya ya haura da ita inda aka yi sabon dashe ya shayar. Kuɗi ko ruwa, haka suka rubuta a jikin allo.

A nan muka haɗu, ranar da na kai 'yan ajina yawon buɗe ido. Ya tsare motar makarantarmu, na zazzaga masa tsiwa son raina, ya tsaya yana murmushi har na gaji na biya. Kada ku tambaye ni yadda aka yi daga tsiwa aka koma gaisuwar safe a waya. Ni ma ban sani ba.

To yanzu magana ta zo gida. Mama tana da nata ɗan takarar, Nabil ɗan ƙawarta Hajiya Asabe, ma'aikacin banki, mai mota mai ƙamshi. Ba shi da laifin komai, bawan Allah, ni ce dai ba na jin komai idan ya yi sallama. Baba kuwa ya ce shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole, amma ba zai ce wa kowa ya turo magabatansa ba sai Yaya ta gan shi ta ce to. Yayar nan ita ce Gwaggo Baraka ta Ƙofar Sauri, wadda ta goya Baba tun yana jariri. A gidanmu idan ta ce e, an gama. Idan ta ce a'a, ko sunan mutumin ba a sake ambata.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faranti, ƙamshin turarenta ya riga sallamarta shigowa. Leshi ruwan goro ta sa, da ɗaurin ɗankwalinta mai tsini, da mayafi fari ƙal, carbi a hannun dama, jaka a hagu. Mama ta taso da sauri ta shimfiɗa mata darduma a inuwar darbejiya, aka kawo zoɓo mai sanyi da dambun nama. Sai da aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi na Abuja da na Kaduna ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo da ido kaina.

"Ke Zulai, taho nan. Zamna."

Na zauna a bakin darduma, na ja hijabina har goshi.

"Mi ne ne sunan yaron?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da yatsuna. Ta ina zan fara kiran sunansa a gaban Gwaggo? Yayana Abbas, wanda ba ya taɓa barin dama ta wuce shi, ya leƙo daga zaure.

"Mudassir, Gwaggo. Sarkin igiya."

"Hajiya, ai da ba ki wahalar da kanki ba," in ji Mama tana tura mata farantin dambu. "Kuɗin fakin yake karɓa a bakin daji, yini guda a rana. In an tambaye ni aikin surukina, me zan ce wa mutane? Ga yaron Hajiya Asabe nan, an san gidansu, an san ofishinsa."

"Ni ban san banki ba, ban san igiya ba," in ji Gwaggo. "Mutum nike son gani. Gobe Abbas shi kai ni dutsen. Ke ma da ke za mu."

Nan take na san akwai matsala. Bari in gaya muku dalili. Gwaggo Baraka, tun da nake, ban taɓa ganin ta biya kuɗin shiga ko'ina ba. Marigayi mijinta babban ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun zamaninsa ta saba, a ƙofar asibiti ne, ko ta kasuwa, ko ta ɗakin taron biki, gilashi kawai take saukewa ta ce, "Sannu ɗana," ƙofa ta buɗe. Kuma ba rowa ba ce. Tana iya ba maigadi abin da zai ci sati yana godiya, in dai kyauta ce daga hannunta. Amma a tsare ta a ce biya, wannan a wurinta zagi ne. Ga shi kuma za ta je wurin mutumin da ya tsare motar yara 'yan firamare yana murmushi.

Ina idar da sallar la'asar na shige ɗaki, na turo ƙofa, na ɗauki waya.

"Akwai matsala. Gwaggo za ta zo dutse gobe."

Nan take ya amsa. "Masha Allah! Ai wannan alheri ne. Bari in sa a share fili."

"Ba shara nake so ba. Don Allah idan mun iso ka sauke igiya kawai. Kada ka ambaci kuɗi."

Na ga alamar yana rubutu. Ya goge. Ya sake farawa. Ya sake gogewa. Ni kuwa ina zaune a bakin gado ina cin farcena.

"Zulai, ba zan iya ba."

"To ka biya mata daga aljihunka mana! Wa zai sani?"

Maimakon ya rubuto, sai ya kira. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ina jin kukan tsuntsaye a bayansa.

"Malam Iro zai sani, shi ke riƙe da tikiti. Kuma mun hana ma'aikaci ya biya wa baƙo, don ta nan alfarma ke shigowa. Ki saurare ni. Mutanen nan sun ajiye gatarinsu ne saboda sun ga igiyar ba ta san babba ba. Kwanan baya surukan Malam Iro suka zo a motar haya, na sa suka biya, yana tsaye yana kallona. Ranar da na sauke wa nawa, washegari za ki ji sara a bayan dutse, kuma ba ni da bakin hana kowa."

"To ni fa?"

"Ke ce dalilin da ya sa na kasa zama tun ɗazu."

"Ba daɗin baki na kira ka ka yi mini ba. Idan Gwaggo ta juya daga bakin igiyar nan, shi ke nan. Baba ba zai sake sauraron maganarka ba. Ka gane?"

Can ya ce, "Na gane."

Na kashe wayar na jefa ta kan filo, na kifa kai na yi kukana mai isata. Na ji haushinsa ƙwarai. Kuma na ji ya ƙara shiga raina, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Saƙonsa ya shigo bayan magariba: "Ki yi mini addu'a, ko da kina fushi." Ban amsa ba. Amma na yi addu'ar, a fusace.

Da safe na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, na ɗora hijabi ruwan toka wanda ya sauko har gwiwa don kada Gwaggo ta samu abin faɗa. Kwalli kawai na sa. Na ninke ɗari biyar ƙanana na soke a cikin hannun hijabin, da niyyar in muka isa in miƙa ta taga ta baya, a wuce wurin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Mama tana bakin murhu tana dama koko ta bi ni da kallo.

"A dawo lafiya. In an ga abin da aka gani, a zo a gaya mini."

Muka ɗauki Gwaggo a Ƙofar Sauri. Ta hakimce a gaba kusa da Abbas, ni ina baya da kwandon abincinta da butarta. Bazara ce, tun da hantsi rana ta fara dukan gilashi. Mun bar kwalta ke nan mun hau turɓaya, sai Abbas, mai bakin da ba ya rufuwa, ya kwashe dokar wurin kaf ya faɗa mata, har da zancen jarka. Ta saurara tana jan carbi. Da ya gama ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

"To ku ji. Duk wanda ya fiddo kwabo cikin motar nan, shi sauka shi tahi gida a ƙasa. Ke ta baya, da ke nike. Na ga hannunki tun ɗazu yana ƙaiƙayi. Kai kuma Abbas, ka taɓa jarka, ni da kai ne."

Na saki hannun hijabina a hankali. Abbas ya dube ni ta madubi ya ɗaga gira.

Duk da tashin hankalina, da dutsen ya bayyana sai da na ji sanyi a raina. Ko'ina a hanya ƙasa ce ja da kututture, amma nan ga kore ya rufe gindin dutse, ga layin ƙananan itatuwa an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, suna hawa har tsakiyar gangaren. Gwaggo ma na ga ta ɗan gyara zama ta leƙa.

Ga igiya a miƙe. Ga Malam Iro, dattijo baƙi siriri mai farin gemu, zaune kan benci da littafin tikiti a cinya. Ga kuma Mudassir. Wayyo ni! Shadda ya sa, sabuwa dal ruwan sararin sama, ko karin guga bai baje ba, da hula zanna da takalmi sau ciki. Mutumin da kullum cikin riga mai aljihuna da hular rana yake. Abbas ya taka birki hancin motar na kusan taɓa igiyar. Gwaggo ta sauke gilashi.

"Sannu ɗana."

Mudassir ya tuɓe takalmansa, ya tako kan ƙasar nan mai zafi da safa, ya durƙusa a gefen ƙofarta, kansa a ƙasa.

"Barka da zuwa, Hajiya. Ina kwana?"

"Lahiya lau."

"An zo lafiya?"

"Lahiya ƙalau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen gida? Ya Baba? Ya yara?"

"Duk suna lahiya."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Igiya na nan a miƙe. A nan na gane halin da yake ciki. Bakinsa ba zai iya furta kalmar kuɗi a gaban wadda yake fatan ta zama surukarsa ba, hannunsa kuma ba zai iya kwance igiya ba. Gaisuwa kaɗai ta rage masa, sai ya ci gaba da ita.

"Ya ibada?"

"Mun gode Allah."

"Ya... ya aka ji da hanya?"

"Ka tambaya."

"Ya dabbobi?"

"Ko akuya ba ni da ita."

Abbas ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza. Ni kuwa ji nake kamar in nutse cikin kujera. Motoci biyu sun tsaya a bayanmu, ɗaya ta fara danna hon. Gumi na bin wuyan Mudassir yana shiga cikin sabuwar shadda. Malam Iro bai motsa daga bencinsa ba, ya dai zuba masa ido yana shafa gemu.

"Yaro," in ji Gwaggo, "gaisuwa ta isa haka. Dutse muka zo gani. A buɗe muna."

Ya ɗago kaɗan, idonsa ya sauka kaina ta taga ta baya. Na haɗa hannuwana biyu a ƙirji, ina roƙonsa da ido. Ya mayar da kansa ƙasa.

"Hajiya, ku yi mini afuwa. Ku ɗan ba ni lokaci kaɗan. Abbas, don Allah matsa da motar inuwar tsamiyar can."

Ya miƙe ya zura takalmansa. Ina tsammanin igiya zai nufa, sai na ga ya wuce ta ya nufi rijiya. Ya nannaɗe hannun riga, ya ja guga, ya cika jarka har ta tumbatsa, ya cicciɓa ya ɗora a kafaɗa. Murfin jarkar ba ya rufuwa da kyau. Tun takun farko ruwa ya fara zubo masa ta wuya. Haka ya kama hanyar hawa, da takalmi sau ciki, yana zamewa yana dafa duwatsu.

Muka koma inuwar tsamiya, a wajen igiya. Gwaggo ta buɗe ƙofa ta zuro ƙafafunta waje tana fifita da gefen mayafi. A gabanta motocin da ke bayanmu suka wuce. Ta farko tsohuwar mota ce cike da yara, uban ya lalubo canji daga aljihu ya biya. Ta biyu ƙatuwar jif ce baƙa, mai ita da babbar riga da direba, shi ma ya miƙa aka yaga masa tikiti. Duk tana kallo. Da wurin ya lafa sai ta yafito Malam Iro. Ya taso ba gaggawa, ya tsuguna nesa kaɗan, suka gaisa irin ta manya.

"Malam, kai ɗan garin nan ne?"

"Nan aka yanke mini cibi, Hajiya."

"Yaron nan, ya sallarsa?"

"Shi ke tada mu da asuba. Har mun gaji."

"Hannunsa fa?"

"Ba mu taɓa kama shi da kwabo ba. Kuma mun sa ido, don mu ma ba mu yarda da ɗan birni haka nan ba."

"To aibinsa? Kada ka ce mini babu."

Malam Iro ya gyara tsugunno kamar wanda aka sosa wa inda ke masa ƙaiƙayi.

"Taurin kai, Hajiya! Surukaina hwa suka zo nan, iyayen matata, tun daga nesa. Yaron ga ya tsare su a wannan igiya. Ina tsaye, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Har yau uwargida ba ta daina yi mini gori ba."

"Ka zamna kana yi masa aiki bayan haka?"

"To ya zan yi? Da gatari nike ci, yanzu da gadi nike ci, kuma ba na gudun kowa. Ga ƙoramar can, da tana ƙafewa tun kafin azumi, bana har yanzu da ɗan ruwa. Amma zancen surukaina ban manta ba."

Gwaggo ta taɓe baki. Ta ɗaga kai tana duban gangaren. Can sama muna hango shuɗin shadda ya duƙa a gindin wata 'yar bishiya, ya matsa ta gaba, ya sake duƙawa. Ba juye ruwan ya yi wuri ɗaya ya huta ba, bi yake yana raba musu.

"Rabin ruwan a jikinsa ya ƙare," in ji ta.

Ban san ko yabo ba ne ko suka. Wayata ta yi ƙara a cinyata. Mama ce: "Kun isa? Me ta ce?" Na kife wayar. Na shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Da ya sauko, ban san sanda na rufe baki da hannu ba. Shaddar nan ta manne masa a jiki, gefe ɗaya jiƙe sharkaf, gwiwoyin wandon jajaye da laka, takalmi ɗaya ya buɗe baki. Ya ajiye jarkar, yana haki, ya juya wurin dattijon.

"Malam Iro, an kai ruwan motar Hajiya. A sauke musu."

Malam Iro ya koma kan bencinsa ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Wane ruwa?"

"Wanda na kai yanzu, a gabanka."

"Allah shi ba da lada, itatuwa sun sha. Amma wanga ruwa bai buɗe igiya." Ya juyo wurin Gwaggo. "Hajiya, da can masu hali sai su ba yaran gari 'yan canji su kai musu jarka, su shige a arha. Shi ne muka zamna aka yi doka: ruwan mota, sai na cikin motar ko ɗan gidansu. Ga wanda ya kawo dokar nan tsaye, da bakinsa ya faɗe ta."

Mudassir ya runtse ido. Rikicewa ta sa ya manta, na gani a fuskarsa.

"Gaskiya ne," ya ce a hankali.

"To," in ji Malam Iro, yana jin daɗinsa ƙarara. "Shi dai ba cikin motar ya zo ba, kowa ya gani. Saura ɗaya. Hajiya, yaron ga ɗan gidanku ne? In naku ne in sauke. In ba naku ba ne, ga tikiti."

Abbas ma dariyarsa ta ɗauke. Ni dai na ƙanƙame kwandon abinci kamar shi zai cece ni.

Gwaggo ta jawo jakarta kan cinya. Ta zuge zif. Ta fiddo sabuwar ɗari biyar. Jama'a, a rayuwata ban taɓa tsoron ganin kuɗi kamar ranar ba. Jiya kuka nake don kada a ce ta biya, yau ga shi za ta biya, kuma biyan nan ma'anarsa ɗaya ce: ba namu ba ne. Hawaye suka cika mini ido. Na ce a raina, shi ke nan Zulai, sai ki fara koyon son ƙamshin motar Nabil.

Ta riƙe kuɗin tsakanin yatsu biyu, ta dubi Mudassir tun daga hula har takalmin da ya yage.

"Yaro."

Ya durƙusa. "Na'am, Hajiya."

"In na ce ban biya, kuma ban san ka ba, na juya na tahi gida. Za ka sauke?"

Ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa.

"A'a, Hajiya. Amma zan biyo ku har gida in ba ku haƙuri."

"Da wanga takalmi?"

"Ko ba takalmi."

Ta ci gaba da kallonsa. Sannan ta ninke kuɗin biyu, ta mayar cikin jaka, ta ja zif ɗin a hankali har ƙarshe.

"Malam Iro, sauke igiyarka. Namu ne."

Tsohon nan ya kanga hannu a kunne. "Hajiya, kunnen ya tsuhwa. Mi kika ce?"

"Na ce ɗan gidanmu ne! Ko sai na sa an yi shela?"

Malam Iro ya tashi yana dariya har da tari, ya kwance ƙullin, igiya ta faɗi ƙasa. Mudassir ya matso a durƙushe zai yi godiya, sai Gwaggo ta yi sauri ta mayar da ƙafafunta cikin mota, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kawar da kai gefe. Gwaggo Baraka, wadda ba ta taɓa sunkuyar wa kowa da ido ba, yau ita ce ke jin kunyar suruki.

"Abbas, kira mini ubanku."

Ya kira, ya miƙa mata. Ta kara a kunne ta cikin mayafi.

"Ɗanliti, na gan shi. Taurin kai gare shi irin naka. Ka ce su turo." Ta saurara kaɗan. "Uwar Zulai kuwa, bar mini ita. Ka ce ta sa tukunya da ni, yau a ɗakinta zan yi la'asar."

Abbas ya tada mota, tayoyinmu suka taka igiyar muka shige. Na waiwaya ta gilashin baya. Yana nan durƙushe a inda muka bar shi, kusa da jarkarsa, ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Ban sani ba ko dariya yake ko kuka. Ni dai duka biyun nake yi.